Mamurɗi biyu da suka sauya kiɗan duniya: tarihin filtar sauti

Ga rubutaccen shirin wannan makon, saboda 'yan'uwa da data ba ta bari su saurara ba.

Yau maganar filta za mu yi. A'a, ba ta Snapchat ba wadda ke goge wa mutum ƙuraje, ba kuma filtar man mota ba. Filtar sauti nake nufi. Na san kun taɓa jin aikinta ko da ba ku san sunanta ba. Kana wurin biki, DJ na tsaka da sakin kiɗa, sai ka ji kamar an ɗauki sifika an tura ta cikin ɗaki an ja ƙofa an rufe. Muryar mawaƙi ta dushe, sai dukan ganga kawai kake ji a ƙirjinka. Can sai ƙofar ta fara buɗewa a hankali, a hankali, har kiɗan ya fashe gaba ɗaya, fili ya rikice. Toh, a wannan lokacin hannun DJ ɗin yana kan wani ɗan abin murɗawa ne guda ɗaya, irin na ƙara murya a tsohuwar rediyo. A shirin nan za mu riƙa kiransa mamurɗi. Tarihin wannan mamurɗi da ɗan'uwansa shi ne labarinmu, kuma za ku ga cewa waɗanda suka ƙera shi ba su taɓa tsammanin haka za a yi wasa da shi ba.

Bari mu fara da mene ne ma filtar. Kowane sauti girgizar iska ce. Kunnen ɗan Adam yana kama daga wajen girgiza 20 zuwa 20,000 a daƙiƙa ɗaya. Ƙarancin girgiza shi ke ba da sauti mai kauri, yawanta kuma ya ba da siriri mai kaifi. Kuma sauti ɗaya da kake ji, na goge ko na algaita, tarin girgiza ne da yawa a haɗe, masu kauri a ƙasa, sirara a sama. Filta rariya ce: ta bar wasu su wuce, ta tare wasu. In maƙwabcinka yana biki kana kwance a ɗaki, abin da ke ratso bango sai dum-dum, kalmomin waƙar ba sa isowa. Bangon nan ya zama filta mai barin kauri ya wuce. Ita ce nau'in da ya fi shahara, ita ce kuma za mu fi magana a kai.

Asalin abin ba daga makaɗa ya fito ba sam. Injiniyoyin tarho ne. A 1915 wani mai suna George Campbell na kamfanin AT&T a Amurka, da Karl Willy Wagner a Jamus, kowa da kansa, suka fito da tsarin filtar lantarki. Damuwarsu ita ce yadda za a tura hirar mutane da yawa a kan waya ɗaya ba tare da maganar wannan ta shiga ta wancan ba. A lissafa, a saita, a ɗaure da noti, a rufe akwati. In filta ta motsa daga inda aka ajiye ta, to ta lalace kenan.

Sai ga Robert Moog. Sunan ana kiransa "Mog" ne da jan wasali, ba "Mug" ba, shi kansa ya sha gyara wa mutane. An haife shi a Niyok a 1934, yana da ɗan shago a wani ƙaramin gari mai suna Trumansburg inda yake haɗa wani kayan kiɗa na lantarki da ake kira teremin yana sayarwa. A ƙarshen 1963 ya haɗu da wani malamin kiɗa, Herb Deutsch, a wani taro, kuma a 1964 suka zauna suka fara harhaɗa abin da ya zama sintisaiza mai akwati-akwati. Ma'ana kowane aiki da akwatinsa. Wannan akwatin yana haifar da sauti, shi ake kira osileta. Wancan yana ƙara masa ƙarfi ko ya rage. Kai ne za ka ɗauki waya ka jona wannan da wancan, kamar ma'aikacin tsohon ofishin tarho. In ba ka jona komai ba, ko tari na'urar ba za ta yi ba.

Dabarar Moog ita ce ƙarfin wuta ya zama shi ne hannun da ke sarrafa komai. Ya kafa ƙa'ida: ƙarin bolt ɗaya yana ninka girgizar sauti sau biyu, abin da makaɗa ke kira oktaf ɗaya. Da wani mawallafin kiɗa na Jami'ar Toronto a Kanada, Gustav Ciamaga, ya nemi a yi masa filta, sai Moog ya bi da ita ta wannan hanya. Filtar da injiniyoyin tarho suka ɗaure da noti ta zama abin da wuta ke iya buɗewa da rufewa cikin ƙiftawar ido.

Ya jera taransista biyu-biyu, hawa-hawa, da kafasita a tsakaninsu. In ka kalli zanen a takarda kamar tsani yake, shi ya sa har gobe ake ce mata filtar tsani. Mataki huɗu gare ta na tacewa, kowanne yana rage desibel 6, jimla 24 a kowane oktaf. Kar lissafin ya tsorata ku. Kowane mataki yana raba ƙarfin siririn sauti biyu. Rabi, rabin rabi, har sau huɗu, ya zama kashi ɗaya cikin 16. Wato da zarar sauti ya haura iyakar da ka sa masa, kowane hawan oktaf ɗaya sai ƙarfinsa ya ragu zuwa kusan kashi ɗaya cikin 16. Yanka ne mai kaifi, amma saboda yadda taransistocin ke ɗan murguɗa sautin, sai ya fito da ɗumi, ba kamar an sare shi da adda ba.

Yanzu mu tsaya a gaban akwatin kansa, wanda Moog ya sa wa lamba 904A, domin a nan ne ainihin abin yake.

Mamurɗi na farko shi ne na iyaka, wanda masu situdiyo ke kira katof. Shi ke cewa daga nan zuwa sama, ba shiga. Yawanci ana shigo wa filtar da sauti mai suna haƙorin zarto, saboda siffarsa a allo, kuma shi wannan sautin cike yake da girgiza tun daga ƙasa har sama, yana da zafi a kunne kamar ƙudan zuma a cikin gwangwani. Ka murɗa katof zuwa hagu, kaifin ya fara zubewa, sautin ya yi laushi, ya yi duhu, har ya koma gurnani, in ka ci gaba ya ɓace ɗungurungum. Ka dawo da shi dama, haske ya dawo. Aikin masassaƙi ne: ana ba ka kututture, kai kuma ka yi ta cirewa har turmi ya fito. Ku gwada wannan yanzu, ko kuna cikin Keke ne. Ku riƙe murya ɗaya, kar ta hau kar ta sauka, ku ce "uuu" sannan ku buɗe baki a hankali zuwa "aaa". Maƙogwaro bai canza komai ba, baki ne ya tace. Abin da katof ke yi kenan, shi ya sa in ana murɗa shi kake jin kamar na'urar na son yin magana.

Mamurɗi na biyu shi ne rezonans, kuma shi ne ɗan rigimar. Abin da yake yi, yana ɗebo sautin da ya riga ya fita daga filtar ya sake mayar da shi ta ƙofar shiga. Sakamakon haka, girgizar da ke daidai bakin iyakar nan sai ta kumbura ta fi sauran. Kaɗan daga ciki, sautin ya yi hanci. Ka ƙara, ya fara "wiu-wiu" duk lokacin da katof ya motsa. Ka kai shi ƙarshe, filtar ta fara kuka da kanta, ko da ka zare wayar osileta ba abin da ke shiga. Kun san ƙarar nan da ke tashi in an kai makirfo kusa da sifika a wurin taro, kowa ya toshe kunne? Danginta ce, sai dai wannan an yi mata linzami. A wurin injiniyan tarho, filta mai kuka da kanta abin kunya ne. A wurin makaɗi kuwa sabon kayan kiɗa ne, don kukan nan fito ne tsantsa, kuma da katof za ka iya hawa da sauka da shi. Akwai farashi dai: a filtar tsani, kana ƙara rezonans kaurin sautin yana raguwa. Duk wanda ya taɓa cika rezonans ya ji bes ɗinsa ya rame, ba laifin sifikarsa ba ne, haka aka haife ta.

Abu na uku ba mamurɗi ba ne, ramukan jona waya ne a ƙasan akwatin. Nan ne wani akwatin zai aiko da wuta ya murɗa maka katof ba tare da ka sa hannu ba. Wanda aka fi jonawa shi ne wanda Turawa ke kira ambulan, ba na wasiƙa ba, wani akwati ne da ke tsara yadda sauti zai tashi da yadda zai mutu duk sanda aka danna fiyano. Vladimir Ussachevsky na cibiyar kiɗan lantarki ta Columbia da Princeton ne ya ba Moog tsarin matakansa huɗu. In ambulan ya buɗe filta da sauri ya rufe da sauri, sai ka ji "tau", kamar an tsinki tsirkiya. In ya buɗe a hankali, sai ka ji kamar ana hura ƙaho. Osileta ɗaya ce, ba a taɓa ta ba.

A cikin duk akwatunan nan, filtar ce Moog ya je ya yi wa rajistar mallaka. Ya shigar da takarda a watan Oktoba na 1966, aka ba shi a Oktoba na 1969. Ya san inda dukiyar take.

Kafin takardar ta fito ma duniya ta riga ta ji. A 1968 Wendy Carlos ta fitar da faifan Switched-On Bach, inda ta kaɗa tsofaffin kiɗe-kiɗen Bach da na'urar Moog. Na'urar sauti ɗaya take iya fitarwa a lokaci guda, don haka layi-layi aka riƙa ɗauka ana ɗorawa, kowane layi da saitin filtarsa. Faifan ya ci kyautar Grammy uku. Shekara ɗaya bayan haka Beatles suka sa Moog a faifansu na Abbey Road. Stevie Wonder ya shafe farkon shekarun 1970 yana aiki da wata ƙatuwar na'ura mai suna TONTO, wadda Malcolm Cecil da Robert Margouleff suka harhaɗa, cike da akwatunan Moog. A 1977 kuma Giorgio Moroder ya gina wa Donna Summer waƙar "I Feel Love" kusan gaba ɗaya a kan Moog mai akwati-akwati. Ku neme ta ku saurara, ku bi yadda bes ɗin ke haske yana duhu alhali bugunsa bai canza ba. Ko a nan Najeriya, William Onyeabor yana can Inugu da situdiyonsa yana fitar da faifai da na'urorin Moog daga 1977 zuwa 1985.

Amma na'urar mai akwati-akwati tana da tsada, ga girma kamar kabad. A 1969 wani ma'aikacin Moog, Bill Hemsath, ya riƙa tsince-tsincen ragowar kaya a shagon yana haɗa wata 'yar ƙarama, wadda aka riga aka jona mata wayoyi ta ciki. Ita ce ta zama Minimoog a 1970. Ga abin dariyar. Wurin lissafi an yi kuskure, sautin da ke shiga filtar ya fi ƙarfin da aka tsara mata. Ana ɗura mata fiye da cikinta. Kafin a farga, makaɗa sun riga sun kamu da son wannan kaurin mai ɗan ƙuna-ƙuna, sai aka bar shi haka. An ƙera sama da 12,000 kafin a tsaya a 1981. Bes ɗin da Bernie Worrell ya kaɗa a waƙar "Flash Light" ta Parliament daga nan ya fito. Darasin da masu situdiyo suka ɗauka har yau shi ne, yawan sautin da ka tura cikin filta shi ma wani mamurɗi ne, ko da ba a rubuta hakan a jikinsa ba.

Abu mai daɗi ba ya rasa masu kwaɗayi. Kamfanin ARP, babban abokin hamayyar Moog, ya sa wata filta a na'urarsa ta ARP 2600, ya kuma daskarar da ita cikin wani irin ƙaro mai tauri yadda ba za a ga cikinta ba. Da aka fasa, sai ga tsani. Ɓangaren Moog ya yi barazanar kotu, ARP ya canza zane. Sabuwar filtar kuma ta zo da nata kuskuren lissafin, ba ta iya buɗewa har sama yadda ya kamata, shi ya sa har yau masu sayen tsofaffin na'urori sukan tambayi wace filta ce a ciki kafin su biya.

Sai dai takardar da ta kare tsanin ba ta kare mai tsanin ba. Moog injiniya ne, kasuwanci ba fanninsa ba ne. Bashi ya yi masa yawa, a 1971 ya sayar da kamfanin, ya koma ma'aikaci a gidan da ke ɗauke da sunansa, a 1977 ya bar shi. Shekaru da dama bai da ikon buga sunan mahaifinsa a kan abin da ya ƙera da hannunsa. Sai a 2002 ya dawo da sunan, ya rasu a 2005. Ni wannan ɓangaren yana taɓa ni, wallahi. Duk matashin da ke sayar da kiɗansa da haƙƙinsa gaba ɗaya don kuɗin cefanen wata guda, ya kamata ya san labarin nan.

A 1983 Yamaha ta fito da DX7, na'urar dijital da ke haɗa sauti ta wata hanyar lissafi daban. Babu filta a cikinta kwata-kwata. Babu jerin mamurɗa, sai maɓallai da ɗan ƙaramin allo. Shirya sabon sauti a cikinta ciwon kai ne, don haka akasarin makaɗa suka tsaya kan sautukan da kamfani ya zuba. Ta yi kasuwa fiye da duk abin da Moog ya taɓa sayarwa, tsofaffin na'urori masu mamurɗa kuma suka koma kayan gwanjo.

To a cikin gwanjon nan ne labarin ya juya.

Kamfanin Roland na Japan ya fitar da wata 'yar akwati mai launin azurfa a 1981, TB-303, zanen Tadao Kikumoto. An yi ta ne don mai jita da ba shi da abokin kaɗa masa bes, ya kunna ta ta raka shi atisaye. Dala 395. Matsalar ita ce ko kusa ba ta yi kama da jitar bes ba, ga wahalar shiryawa. Aka ƙera wajen 10,000, aka daina a 1984. A saman ta akwai 'yan mamurɗa shida a jere, ciki har da katof da rezonans da na ambulan. Nufin kamfani ka saita su sau ɗaya har ka samu abin da ya yi kama da bes, ka cire hannunka.

Wasu samari baƙaƙen fata uku a Shikago, Spanky da DJ Pierre da Herb J, masu kiran kansu Phuture, suka sayi ɗaya ta hannu da arha. Ba su iya shirya ta ba. Tana ta maimaita wani layi guda, sai Pierre ya kai hannu ya fara murɗa mamurɗan alhali tana kan kaɗawa. Ya cika rezonans, ya riƙa kai katof sama yana dawo da shi. Abin da ya fito wani irin sauti ne mai tsiyaya, kamar ana matse jiƙaƙƙen soso, kamar kwaɗo ya shiga injin. Spanky ya ce masa ya ci gaba. Suka ɗauka a kaset suka kai wa DJ Ron Hardy na gidan rawa na Music Box. Karon farko da ya saka, mutane suka ja baya. Ya sake sakawa. A daren nan sau huɗu ya saka, kafin na huɗun fili ya haukace. A 1987 aka fitar da shi a faifai da sunan "Acid Tracks", minti goma sha biyu, kuma a duk tsawon nan layin bes ɗin kusan ɗaya ne. Abin da ke tafiya kawai hannu ne a kan filta. Daga nan aka samu salon kiɗan asid, wanda ya tsallaka Ingila ya rikita matasanta a 1988. Akwatin da aka yar, yau sai mai dubban daloli.

A ganina nan ne filta ta gama zama kayan kiɗa. Moog ya kwance ta daga noti, amma mutanensa sun fi barin ambulan ya yi murɗin. Yaran Shikago ne suka mayar da murɗin kansa ya zama shi ne waƙar, kuma rashin sanin ƙa'idar na'urar ne ya ba su wannan damar. Wanda ya karanta littafin kamfani ba zai yi haka ba.

Na'ura mai akwati-akwati ita ma ta dawo. A 1995 Dieter Doepfer a Jamus ya fito da tsarin A-100, ƙananan akwatuna masu araha da ƙananan wayoyi, wanda ya zama ma'aunin da ake kira Eurorack. Takardar mallakar Moog ta riga ta ƙare tun 1986, don haka kowa na iya gina tsaninsa. Yau ɗaruruwan kamfanoni ne ke ƙera akwatunan, filta kala-kala, wata ta bar kauri ya wuce, wata ta bar siriri, wata ta bar tsakiya kawai kamar muryar tarho. Amma ka duba fuskar kowacce, mamurɗan nan biyu suna nan, katof yawanci shi ne mafi girma don hannu ya same shi a duhu.

Na san akasarinmu ba za mu sayi waɗannan akwatuna ba, kuɗin ɗaya ya isa jarin shago. Amma duk mai FL Studio a kwamfutarsa yana da su, an rage musu suna zuwa haruffa uku-uku a jikin allo, kuma da yawa cikin furodusoshinmu ba su taɓa taɓa su ba, sai dai a zaɓi sautin da aka riga aka dafa a ɗora waƙa. In za ku gwada, ku ɗauki haƙorin zarto guda, ku shirya ɗan gajeren layi ya yi ta maimaituwa. Ku sauke rezonans ƙasa gaba ɗaya tukuna, ku murɗa katof daga ƙarshen dama zuwa hagu a hankali har sai kun ji inda sautin ya fara duhu. Ku tsaya a nan. Sannan ku ɗaga rezonans zuwa rabi, ku sake bin hanyar. Ku rage ƙarar iyafis kafin ku kai shi ƙarshe, don kukan nan yana iya yi wa kunne illa. In bes ya rame, ku ƙara ƙarfin abin da ke shiga filtar maimakon abin da ke fita. Ku danna ɗauka, ku bar hannun ya yi ta yawo na minti biyu, ku turo mana mu ji.

Sai mun haɗu a shiri na gaba.